Janar na Kan Kujera

Ina da wani ciwo da na daɗe ina ɓoyewa, kuma ba irin wanda ake kai wa likita ba ne. Ni mutum ne mai cin zuga. Ba ta maroƙi a gidan biki nake nufi ba, wannan kam aljihuna ya daɗe da yi mini maganinta. Zugar soja ce take kayar da ni: badujala, fareti, takalma dubu suna dukan ƙasa a lokaci guda, tuta tana kaɗawa, wani mai ƙatuwar murya yana kiran mazaje su fito. Da zarar na ji, sai tsigar jikina ta tashi, ƙirjina ya buɗe, in ji babu abin da nake so illa a miƙo mini bindiga. Ni da kazar gidana ma sai na leƙa waje na nemo mai yanka mini. Ni da in na hau bene hawa biyu sai na tsaya na ciro waya ina dubawa, alhali numfashi nake nema.

Babu abin da ya tona mini asiri a kan wannan ciwo irin wani fim na Amurka mai suna Starship Troopers, wanda Paul Verhoeven ya ba da umarni, ya fito a watan Nuwamba na 1997. Ga wanda bai gani ba, labarin ba shi da wuyar riƙewa. Ana cikin ƙarni na 23, duniya duka ta koma ƙarƙashin gwamnati ɗaya wadda tsofaffin sojoji suka kafa, an kuma raba mutane gida biyu: ga ɗan ƙasa, ga farar hula. Farar hula yana iya yin kasuwancinsa ya tara dukiya, amma ba ya kaɗa ƙuri'a. Sai wanda ya bauta wa gwamnati, galibi cikin kaki, yake samun wannan dama. Har lasisin haihuwa ya fi sauƙin samu ga wadda ta yi aikin soja. Wani saurayi ɗan masu hali daga Buenos Aires, Johnny Rico, ya shiga soja ba don komai ba sai don budurwarsa Carmen ta shiga. Ana haka sai wani ƙaton dutse ya faɗo daga sararin samaniya ya shafe garinsu, mutum sama da miliyan 8 suka hallaka. Gwamnati ta ce aikin wasu ƙwari ne na wata duniya mai suna Klendathu, ƙwarin da suka fi mutum tsawo, masu raba soja biyu da cizo ɗaya. Shi ke nan, aka buga gangar yaƙi.

Tun fitowarsa mutane suka rabu a kansa. Wasu suka ce farfaganda ce tsagwaronta, tallar mulkin kaki da ƙin baƙo. Jaridar Washington Post har ta buga sharhin da ya ce ruhin 'yan Nazi ne yake yawo a cikinsa. Wasu kuma, waɗanda suka yi ta ƙaruwa da tafiyar shekaru, suka ce ai gatse ne, mutumin nan ba'a yake yi wa mulkin soja da duk mai kallon da ya tafa masa. A kasuwa dai bai yi abin a-zo-a-gani ba. An kashe masa sama da dala miliyan 100, ya dawo da kimanin miliyan 121 a duniya baki ɗaya, wanda a lissafin Hollywood ba riba ba ce.

Ni ina cikin masu cewa gatse ne, kuma in aka zo wannan gardama ba na raga wa kowa. Hujjojina a jere suke. Nakan fara da shi Verhoeven ɗin. An haife shi a Amsterdam a 1938, ya tashi a birnin Hague lokacin da sojojin Hitler suka mamaye Holan, gidansu kusa da inda Jamusawa suke harba rokoki zuwa Ingila, jiragen ƙawance kuma suna zuwa suna ruwan bom a unguwar. Yaron da ya ga gawa a titi tun bai kai shekara 7 ba, shi ne zai girma ya yi wa kaki talla? Daga nan in koma kan littafin da aka ɗauko labarin, na Robert Heinlein, wanda ya fito a 1959. Shi Heinlein da gaske yake, ba wasa. Tsohon hafsan sojan ruwan Amurka ne da tarin fuka ya raba shi da aiki a 1934, kuma ya rubuta littafin ne cikin fushi da masu kiran a dakatar da gwajin makaman nukiliya a 1958. Littafin ya ci kyautar Hugo a 1960, ya kuma shiga jerin littattafan da rundunonin Amurka suke ba jami'ansu shawarar karantawa. Verhoeven kuwa da bakinsa ya ce babi biyu ya karanta ya ajiye, don ya gundure shi, ya bar wa marubucinsa Edward Neumeier ya ba shi labarin sauran. Su biyun nan su ne suka yi RoboCop a 1987, inda suka yi wa kamfanoni da talabijin ɗin Amurka wankin babban bargo.

Sai in gangaro cikin fim ɗin. Tallar ɗaukar soja da aka buɗe da ita, an kwaikwayo ta ne daga Triumph of the Will, fim ɗin da Leni Riefenstahl ta yi wa Hitler a 1935 kan taron jam'iyyarsa a Nuremberg. Labaran gwamnati da ake katse fim ɗin da su lokaci-lokaci suna da ƙamshin Why We Fight, jerin finafinan da Frank Capra ya yi wa sojojin Amurka a yaƙin duniya na biyu. Kuma dubi abin da ake nunawa a cikinsu. Sojoji suna miƙa wa yara bindiga da harsasai, yaran suna wawaso. 'Yan makaranta suna tattake kyankyasai a bakin titi don su ma su ba da tasu gudummawar, wata mata tana tsalle tana tafi kamar ta zautu. An kama mai laifi da safe, an yanke masa hukunci, za a kashe shi da yamma, duk tashoshi za su nuna kai tsaye. An rufe hoton saniyar da ƙwaro yake yayyagawa, wai don kada ran mai kallo ya ɓaci, amma gawarwakin mutane a zube ba a rufe ba. Jami'in da yake rubuta sunayen sababbin kurata ya miƙa wa Rico hannun ƙarfe, yana alfaharin cewa rundunar ce ta mayar da shi abin da ya zama, sai kyamara ta sauka ƙasa, ashe ba shi da ƙafa ko ɗaya. A littafin ma akwai wannan gurgun jami'i, amma can an ajiye shi ne da gangan don ya tsorata masu raunin zuciya. A fim ɗin kuwa shi kansa bai san abin dariya ya zama ba. Wani ɗan jarida ya yi ƙarfin halin cewa akwai masu ganin mutane ne suka fara kutsawa yankin ƙwarin, nan take Rico ya katse shi da cewa a kashe su duka. Kuma ƙwarin da ba su da ko jirgi, a can wani ƙarshen taurari, yaya aka yi suka saita dutse har Ajantina? Babu mai faɗa mana sai talabijin ɗin gwamnati. A ƙarshe ga abokin Rico, Carl, ya shigo cikin doguwar baƙar rigar fata da hula irin ta 'yan sandan asirin Hitler. Me kuma ya rage a faɗa?

To, duk wannan na sani. Matsalar ita ce sanin bai taɓa hana ni komai ba.

Kwanakin baya na zaunar da ɗan yayata, wanda yake karatun aikin jarida a jami'a, na ce yau zan koya masa yadda ake gane farfaganda. Na riƙe rimot, ina tsayarwa ina bayani, ina nuna masa tutar gwamnatin mai hoton gaggafa, ina ambaton Riefenstahl har da gyara murya. Yaro yana ta gyaɗa kai. Muna nan har aka zo inda za a sauke sojoji a Klendathu. Kiɗan Basil Poledouris ya tashi, ƙahonin nan masu ratsa ƙashi, jirage suna fitowa jere, samari sun ɗaure fuska, ƙofa ta buɗe suka kwararo da ihu. Ban san lokacin da rimot ya faɗi ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ji wata murya tana cewa a buɗe musu wuta ta hagu, ta hagu, ashe tawa ce. Fim ɗin da kansa ya faɗi cewa soja 100,000 ne suka mutu a awa guda a wannan hari, saboda wautar manyansu da suka raina abokin gaba, ni kuwa ina tsaye ina jin haushin ba a tafi da ni ba.

Yaron ya dube ni cikin ladabi ya ce, "Kawu, wannan ma yana cikin darasin ne?"

Kafin in haɗa amsa uwargida ta leƙo daga ƙofa. "Sannu Janar. A kawo abincin yanzu, ko sai an ci garin?"

Ita ce dai wadda na ƙwala wa kira ranar da kyankyaso ya tashi sama a ɗakin girki, na tsaya daga bakin ƙofa ina ba da umarni har ta gama da shi da silifa. Ba ta taɓa karanta sharhin fim ba, amma a fagen gatse ko Verhoeven sai ya zauna ya ɗauki karatu a wurinta.

Abin da ya fi ba ni kunya ba ihun ba ne. Kowa yana iya yin ihu. Abin kunyar shi ne na gano amfanin da nake yi da hujjojin nan nawa. Akwai Top Gun na 1986, wanda aka yi da haɗin kan rundunar sojan ruwan Amurka, da jiragenta da filayenta, har masu ɗaukar kurata suka riƙa kafa tebur a ƙofar wasu gidajen sinima. Wannan in zan kalla sai na tabbatar ba kowa a gida, domin babu bayanin da zai wanke ni. Amma Starship Troopers ya ba ni mayafi. Ina shan badujalata har in ƙoshi, in an tambaye ni in ce nazari nake yi. Ina cin tudu biyu: daɗin tafi tare da 'yan tafi, da daɗin ganin na fi su wayo. Wanda ya ɗauki fim ɗin da gaske, ya tafa da zuciya ɗaya, aƙalla shi bai yaudari kowa ba.

Gatse kuma dama haka yake, sai da mai ji. Uwa ta ga ɗanta yana wasa da wuta ta ce masa ya ci gaba, ya ƙara matsawa kusa. Yaro mai hankali ya ja da baya, dolo kuwa ya ce Inna ce ta ba shi izini. Ni wani iri ne na uku da ba a cika ambata ba, wanda ya gane sarai abin da Inna take nufi, ya yi wa ƙannensa bayani, sannan ya sa hannu a wutar.

Don haka masu cewa farfaganda ce, ko da yake ina kayar da su a baki, ba na iya raina su a zuci. Suna da abin faɗa. Fim ɗin minti 129 ne, kuma guntayen labaran gwamnati da suke ɗauke da yawancin ba'ar, in aka tara su, 'yan mintoci ne. Sauran duk horo ne da soyayya da yaƙi, yaƙin kuma an yi shi da iyakar gwaninta. Phil Tippett da mutanensa suka ƙera ƙwarin, har aka sa aikin cikin takarar Oscar, Titanic ya ƙwace. Wurin da dubban ƙwari suka kewaye wani ɗan sansani a tsakiyar hamada, suna hawa kan gawar 'yan uwansu don su haura katanga, babu mai kallonsa ya tuna da wata Riefenstahl. Addu'a kawai kake yi jirgin ceto ya iso. Abokin gaba kuma an zaɓo shi ne yadda ba za ka tausaya masa ba: ba shi da fuska, ba ya magana, ba ka ganin uwarsa tana kuka. Su kuma jaruman, Casper Van Dien da Denise Richards da Dina Meyer, an ɗebo su ne daga wasannin talabijin na samari da 'yan mata, kyawawa masu fararen haƙora, wai 'yan Ajantina. Verhoeven ya ce da gangan ya nemo irin fuskokin da Riefenstahl za ta so. Na yarda. Amma kyakkyawar fuska, ko da gangan aka kawo ta ko da kuskure, aikinta ɗaya a zuciyar mai kallo.

Wani abin da yake ɗan sanyaya mini rai shi ne shi ma malamin ba lafiyayye ba ne. Verhoeven ya sha faɗa cewa lokacin yana yaro, yaƙin nan da ya ga gawarwakinsa ya zame masa abin burgewa, wuta a sama, jirage suna faɗowa. Kuma da aka ɗauke shi aikin soja na dole a rundunar ruwan Holan, abin da ya yi musu shi ne fim: a 1965 ya shirya na cikar rundunar sojojin kundunbalarsu ta ruwa shekara 300, fim na yabo da nuna bajinta, har ya ci kyauta a Faransa. Wato kafin ya yi wa farfaganda ba'a, sai da ya yi ta da hannunsa, ya kuma iya. Mai ciwo ne ya san inda yake yi wa ɗan uwansa ƙaiƙayi. Shi ya sa tarkon nasa yake kama ni duk lokacin da na bi ta wurin, ko da na san inda aka binne shi.

Ba kuma ni kaɗai ba ne. François Truffaut, mai shirya finafinai na Faransa, ya taɓa nuna shakkarsa a 1973 cewa akwai fim ɗin yaƙi da yake hana son yaƙi, domin a ganinsa duk wanda aka yi, ƙarshensa ƙawata yaƙin yake yi. A fim ɗin Jarhead na 2005, wanda aka ɗauko daga tarihin rayuwar wani sojan Amurka, Anthony Swofford, an nuna kurata cike da zaure suna kallon Apocalypse Now, daidai inda jirage masu saukar ungulu suke ragargaza wani ƙauye a Biyetnam. Coppola, wanda ya shirya Apocalypse Now ɗin, ya yi wurin ne don a ga haukan yaƙi. Su kuwa samarin suna bin kiɗan da baki, suna ihu, suna jiran a tura su yaƙin Tekun Fasha. Da na ga wannan sai na ce, ga 'yan ajinmu.

Akwai wuri guda a Starship Troopers da dariyata takan ɗauke, don ya yi kusa da gida. A farkon fim ɗin, malamin su Rico, wani tsohon soja mai hannu ɗaya da Michael Ironside ya fito a matsayinsa, yana koya wa ɗalibai tarihi: dimokuraɗiyya ta gaza, masana sun kai duniya bakin rami, sai tsofaffin sojoji suka karɓi ragama suka kawo zaman lafiya. Ba'amurke ya ji wannan ya ce tatsuniyar ƙarni na 23 ce. Mu kuwa mun sha jin wannan jawabi a rediyo da sassafe, bayan an gama kiɗan soja. An yi mana shi ranar 31 ga Disamba 1983, aka fito ana murna. A 1984 aka kawo yaƙi da rashin ɗa'a, soja da bulala a tashar mota, ma'aikacin da ya makara yana tsallen kwaɗo, mutane suna cewa yanzu ƙasa ta saitu. A shekarar ce kuma doka ta 4 ta kai 'yan jarida biyu na Guardian gidan yari. A fim ɗin an ɗaure Rico a tsakiyar fili an yi masa bulala 10 a gaban jama'a, ni kuwa maimakon in ji ƙyama, sai na ji wani sashe na zuciyata yana cewa ai haka ake gyara yaro. Da aka yi juyin mulki a Bamako a 2020, da Konakiri a 2021, da Wagadugu a 2022, da Yamai a 2023, kowace ƙasa da dalilanta da ɓacin ranta, ba kuma nan ne wurin yanke musu hukunci ba. Abin da na sani shi ne, duk lokacin da hoton filin wasa cike da jama'a da jami'ai cikin kaki ya shigo wayata, kafin ƙwaƙwalwata ta tambayi me zai biyo baya, ƙafata ta riga ta fara bin kiɗan. Ni da na rubuta maƙaloli a kan muhimmancin ƙuri'a.

Ƙarshen fim ɗin shi ne inda ake kammala tozarta ni. An kamo wani ƙaton ƙwaro mai taushin jiki, wanda shi ne mai yi wa sauran tunani, an jawo shi cikin raga gaban dubban sojoji. Carl, cikin baƙar rigarsa, ya ɗora masa hannu don ya karanci abin da yake ransa, ya juyo ya sanar da cewa tsoro yake ji. Fili ya kaure da sowa. A nan ne karo na farko aka tabbatar mana cewa abin nan yana da zuciya, yana jin abin da muke ji, kuma wannan labari shi ne abin murnar. Daga nan aka nuna shi a ɗakin bincike ana cusa masa ƙarafa. Yaƙi bai ƙare ba, sababbin kuratan da aka kawo wa Rico yara ne da ko gemu ba su fara ba, aka rufe da wata tallar neman ƙarin sojoji. Duk wanda ya ƙirƙiro wannan wuri ya san abin da yake yi, kuma ba yabo yake yi ba. Ni ma na san abin da yake yi. Amma in aka yi sowar nan, sai na ji bakina ya buɗe da murmushi, sai daga baya in tuna in haɗe rai in ce wa na kusa da ni, ka ga inda gatsen yake ko?

Hukuncina dai bai canja ba: Starship Troopers gatse ne, kuma gatse na gwani. Sai dai na daina cewa Amurkawan 1997 ne aka yi wa, waɗanda ba su gane ba. Da ni ake, da duk mai irin ciwona, ko ya gane ko bai gane ba. Wanda yake son ya gwada kansa, ya sani akwai jini da tsiraici a ciki, ba na zama da yara ba ne. Ya kuma nemi wanda zai zauna gefe yana kallon fuskarsa maimakon talabijin, ya faɗa masa gaskiya in an gama. Ni an riga an duba tawa, sakamakon yana hannun uwargida, kuma ta ce ba sai an maimaita jarrabawar ba.